Yadda ake mayar da tsohuwar mota zuwa sunanka

Motata ta farko Golf 3 ce ja, wadda ta zaga hannu huɗu kafin ta iso gare ni. Ranar da ciniki ya faɗa, dillali ya ce "Allah ya sa albarka", muka shafa fatiha, ya miƙo mini makulli da wata ambulan da ta sha maiƙo. Na cusa ambulan ɗin a dashbod ban ko buɗe ba. Shekara biyu ina sabunta lasin da sunan wani bawan Allah da ban taɓa gani ba, kuma ban ga aibun hakan ba tunda haka kowa yake yi a layinmu. Sai wata Asabar, muna kan hanyar ɗaurin aure mu biyar, wani jami'i ya tsayar da mu a shinge ya karɓi fatikula. Ya duba, ya ɗago kai.

"Malam, kai ne mai wannan sunan?"

"A'a yallaɓai, saya na yi."

"A hannun wa?"

Na zaro takardar da dillali ya rubuta mini da biro. Sunan wanda ya sayar mini daban, sunan da ke kan lasin daban.

"To shi wannan ɗin, a hannun wa ya saya?"

Na yi shiru. Aka ɗaura aure babu mu, sai bayan la'asar muka bar wajen, shi ma sai da dillalin ya hawo acaɓa ya zo da wata tsohuwar takarda daga gidansa.

Tun daga ranar na gane abu biyu ne ke riƙe da mallakar tsohuwar mota: lambar casis, wato lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfen motar, da silsilar sunayen waɗanda suka mallake ta. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hidimar waɗannan biyun ce. Na rubuta ne don mai sayen mota a Najeriya, kuma ka sani jihohi sun ɗan bambanta wajen kuɗi da sunan ofis, amma gadon bayan aikin ɗaya ne.

Ka nemi takardu tun kafin ka fara taya

Mutanenmu sun saba a fara da gwada mota, a kira bakanike, a yi ta ja-in-ja kan farashi, sai an gama a ce "af, ina takardu?" A lokacin zuciyarka ta riga ta kwanta da motar, duk giɓin da ka gani za ka nema masa uzuri da kanka. Juya tsarin. Kafin ka tayar da inji ka ce a ba ka takardu, na asali, ba hoto a waya ba.

Abin da ya kamata ka gani a cikin ambulan: takardun kwastam idan motar daga waje aka shigo da ita, takardar shaidar mallaka, takardar bayar da lamba, lasin mota na baya-bayan nan, takardar lafiyar mota ta jami'an duba motoci (VIO), inshora, rajistar 'yan sanda ta CMR, sai rasit ko yarjejeniyar duk cinikin da aka taɓa yi a kanta. Lasin da ya ƙare ko inshorar da ta mutu ba abin tayar da hankali ba ne, kuɗi ne kawai, sai ka cire su daga farashi. Waɗanda rashinsu ke hana barci su ne takardun kwastam da shaidar mallaka.

Idan aka ce maka takardu sun ɓata, kada ka karɓi labari. Mai motar ne, wanda sunansa ke rajista, zai je ofishin 'yan sanda ya ba da rahoton ɓata a ba shi takarda, ya je kotu ya yi rantsuwa, sannan ya koma ofishin lasin da ya yi wa motar rajista a sake fitar masa da bayani. Aikinsa ne, kuma kafin ciniki. In ka saya ka ce za ka bi daga baya, za ka tarar ofis ba ya sauraron wanda sunansa ba ya cikin kwamfuta.

Lambar casis: a nan za ka ɓata lokaci

Lambar da ke gaban mota ana kwance ta da sukudireba cikin minti biyu. Fenti ana sake shi cikin mako. Inji ma ana saukewa a ɗora wani. Abin da mota ke rayuwa da shi har ta shiga hannun 'yan gwangwan shi ne lambar casis.

Tun 1981 aka daidaita wannan lamba ta zama haruffa da alƙaluma 17 a mafi yawan motoci. Babu harafin I, babu O, babu Q a cikinta, saboda kada a rikita su da 1 da 0. Don haka idan ka ga O a lambar casis da aka buga a takarda, ko dai kuskuren mai bugawa ne ko kuma takardar a bayan shago aka haɗa ta. Motocin da aka ƙera don kasuwar cikin Japan da waɗanda suka girmi 1981 lambarsu ta fi gajarta, wannan ba laifi ba ne.

Harafin farko yana nuna inda aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, K yawanci Koriya, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. Fijo ta Faransa tana farawa da VF3. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, irin su Camry da Accord da Corolla da suka cika garuruwanmu, na 10 a jerin shi ne shekara: Y na nufin 2000, daga 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A na nufin 2010, B 2011, haka har gaba. Wannan ɗan ilimin yana da amfani sosai yanzu da ake yayin canza fitilu da bamba a mayar da motar 2008 ta yi kama da ta 2012. Dila zai iya rantse maka a kan shekara, amma casis ba ya karɓar la'ada.

Ka nemi lambar a wuri fiye da ɗaya. Akwai ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, akwai a sitikar jikin ƙofar direba, sannan akwai wadda aka buga a jikin ƙarfen motar kansa, galibi a bangon da ya raba inji da cikin mota, a wasu motocin kuma a ƙasan kafet kusa da kujerar gaba. Ta jikin ƙarfen ita ce uwa. Ka zo da tsumma da ɗan fetur ka goge wajen, ka haska tocilan. Ka shafa da yatsa. Haruffan kamfani zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, a layi ɗaya suke. Idan wani harafi ya karkace, ko ƙarfen wajen ya fi na kewaye santsi kamar an goge shi da giranda, ko ka ga zoben walda ya kewaye lambar, ko fentin wajen ya fi na sauran ɗakin inji sabunta, to ka mayar da makulli ka yi sallama. Kada ka tsaya jin bayani. Mai gyaran jikin mota ya fi bakaniken inji ido a wannan fanni, in kana da amintacce ka tafi da shi.

Akwai wata tsohuwar dabara da har yanzu take aiki: ɗora farar takarda a kan lambar ka goga fensir a kwance, haruffan za su fito fes. Ka ajiye wannan takardar. Sannan ka zauna a inuwa, ka ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya, wani yana karanto lambar daga mota kai kana bi da yatsa. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakanin 8 da B, 5 da S, 2 da Z. Wani abokina ya sha zarya wata biyu saboda harafi ɗaya da aka buga ba daidai ba tun rajistar farko, aka yi ta kwafe kuskuren shekara bayan shekara, har sai da ya zo canjin suna jami'in dubawa ya leƙa ƙarfe.

Lambar inji ma ka duba. Tsohuwar mota da wuya ta kai shekara 20 da injinta na asali, yawanci an taɓa ɗora mata na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo. Babu laifi a wannan, amma ƙa'idar hanya ta ce a sanar da hukumar lasin idan an sauya inji ko an sauya launin mota. Ka nemi rasit ɗin injin. Idan takarda ta ce fara kai kuma baƙa kake gani, ka sa a gyara wannan tare da canjin suna, a rubuta shi ƙarara a cikin takardar rantsuwa.

Kwastam ba ta san tsufa ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce "ai motar ta shekara goma tana yawo da lambar Najeriya, wa zai tambayi diyuti?" Lambar jiha ba ta wanke kuɗin fito. Motar da aka shigo da ita ta daji, ko aka biya mata ƙasa da abin da ya kamata, tana nan da wannan bashin komai daɗewa, kuma wanda aka kama da ita a hannu shi zai ji a jikinsa.

Ka tuna cewa daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Kafin nan 'yan Kwatano suna shigowa ta Seme da kuma ta Nijar, wasu da takarda wasu babu. A watan Maris na shekarar ne Hameed Ali, shugaban kwastam na lokacin, ya ba masu motoci wa'adi su je su tabbatar da biyan diyuti, har abin ya jawo masa rigima da majalisar dattawa aka dakatar da shirin. A 2024 ma hukumar ta sake buɗe wa'adin kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su zo su daidaita. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yawan motocin da ke yawo da wannan matsala.

A takardun kwastam za ka ga takardar bayyana kaya, wadda ake kira SGD, mai ɗauke da lamba da ta fara da C, da kwanan wata, da sunan tashar da aka fitar da motar. Akwai takardar ƙiyasin kuɗi, rasit ɗin banki, da takardar sakin kaya. Dubawa uku za ka yi: casis ɗin da ke ciki na motarka ne, shekarar da aka rubuta ta yi daidai da ta casis, samfurin ma haka. Mai son rage diyuti yakan rubuta motar 2010 a matsayin ta 2004, ko ya yi amfani da takardar wata mota daban. Daga nan ka ɗauki kwafi ka je ofishin kwastam na yankinka a duba maka lambar a kwamfuta. Kada ka wakilta dillalin da ke jiran la'ada.

Fijo 504 ko 406 da aka harhaɗa a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, labarinta daban ne. Ba a shigo da ita a matsayin mota ba, don haka ba takardar fito za ka nema ba, sai dai rasit ɗin sayen farko da sauran takardun da suka biyo baya. Motar da ke ɗauke da lambar Nijar kuwa, ko da a Maraɗi ko Damagaram takardunta sun cika tsaf, izinin shigowa na wucin gadi da aka ba mai ita a iyaka na ziyara ne. Ba ya ba ka damar yi mata lambar Najeriya sai an biya fito.

Tantancewa daga wayarka

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da shafin tantance lamba a intanet, wanda ake kira NVIS. Ka shigar da lambar motar, zai gaya maka ko lambar tana cikin rajista da kuma irin motar da aka ba. Idan ya ce Honda kai kuma Toyota ke gabanka, magana ta ƙare. Inshora kuma ana duba ta a rumbun NIID na kamfanonin inshora, da lambar motar. Waɗannan minti biyar ne. Abin da ke buƙatar takawa shi ne zuwa wajen 'yan sanda, sashen rajistar motoci, a duba ko an taɓa kai rahoton sace ta.

Wa yake sayar maka?

Yanzu mun zo kan silsila. Ka ɗauki sunan da ke kan shaidar mallaka, ka ɗauki sunan wanda zai karɓi kuɗinka. Idan mutum ɗaya ne, kuma katin shaidarsa ya tabbatar, ka yi sa'a. Idan ba haka ba, dole kowane tsalle ya zama da takarda: na farko ya sayar wa na biyu, ga yarjejeniya da sa hannu, na biyu ya sayar wa na uku, ga tata. Inda aka rasa takarda ɗaya, nan ne ramin da na faɗa a ranar ɗaurin auren nan.

Dillali ba mai mota ba ne. Za ka ji yana cewa "Alhaji ya yi tafiya, amma ya bar mini wuƙa da nama." To madalla, a kira Alhaji a waya ka ji muryarsa, ya turo hoton katinsa da rubutaccen izinin sayarwa, kuma kuɗin ya tafi asusun da ke ɗauke da sunansa. La'adar dillali a ba shi daban, a hannu. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan, don shi ma kariya ce gare shi.

Motar marigayi ta fi kowace buƙatar haƙuri. Babban ɗa ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai don kawai makulli na hannunsa. Ka nemi takardar mutuwa, da takardar rabon gado daga kotu ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ta nuna wanda motar ta faɗa wa ko wanda aka wakilta ya sayar. In akwai marayu ƙanana a cikin magada, ka ƙara taka-tsantsan, don haƙƙin da za ka ɗauka ya wuce na takarda. Motar gwanjon gwamnati tana zuwa da takardar gwanjo da rasit ɗin biyan kuɗi a asusun gwamnati, kuma koriyar lambar gwamnati da ke jikinta ba taka ba ce, mayar da ita ake yi. Motar kamfani sai da wasiƙa a kan takardar kamfanin, da sa hannun mai iko da hatimi. Motar da aka ɗauko a tsarin biya sannu-sannu, irin yadda ake ba direbobin haya, ba ta zama ta direba ba sai ya gama biya an ba shi takardar sallama. Alamarta ita ce direba yana riƙe da kwafi, na asali suna wajen uban gidansa ko ƙungiya.

Rubuta yarjejeniya

Ko ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya ne, a rubuta. Addini ma ya yi umarni da kafa shaidu a ciniki, balle ga abin da ke iya kaɗe mutum a titi a zo neman mai shi.

Ba sai da lauya ba, ko da yake in motar mai tsada ce kuɗin lauya ba asara ba ne. Abin da ba a so a rasa a ciki: cikakken suna da adireshi da lambar waya na mai sayarwa da mai saye, lambar katin shaidar kowanne, samfurin mota da shekara da launi, lambar rajista, lambar casis, lambar inji, farashi da alƙaluma da kuma kalmomi, da yadda aka biya. A rubuta cewa mai sayarwa ya tabbatar motar tasa ce, babu bashi a kanta, ba jingina ba ce, kuma in wata matsala ta mallaka ko ta kwastam ta taso daga baya zai mayar da kuɗi. A jera takardun da aka miƙa ɗaya bayan ɗaya. A sa kwanan wata har da lokacin da makulli ya sauya hannu, domin duk abin da ya faru kafin wannan sa'ar na mai sayarwa ne, na bayanta naka. Shaidu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, da lambobin wayarsu. A liƙa fasfo na kowa. Kwafi biyu na asali, kowa ya riƙe ɗaya.

Ga shawarar da na fi so ka ɗauka a duk wannan rubutun: kada ka biya duka rana ɗaya. Ka ba da kafin alƙalami, ka biya mafi yawa ranar karɓar mota, ka riƙe wani abu, ko kaɗan ne, har sai an gama rantsuwa da sa hannu a fom ɗin canjin mallaka. A rubuta wannan sharaɗin a yarjejeniya. Mutumin da ke bin ka ragowa yana ɗaga waya a bugu ɗaya. Wanda ya karɓe kuɗinsa cif kuwa, sai ka ji ya tafi Umara, ko layi ba ya shiga.

Kotu da 'yan sanda

Da yarjejeniya a hannu, ku nufi babbar kotu ko kotun majistare, ofishin kwamishinan rantsuwa. Za a buga takardar rantsuwar canjin mallaka, wadda ke cewa wane ya sayar wa wane mota mai lamba kaza da casis kaza. Masu buga takardu a bakin kotu suna da tsohon samfuri a kwamfuta, suna sauya suna da lamba ne kawai, kuma a gaggauce. Kafin a buga hatimi ka karɓi takardar ka karanta casis ɗin harafi-harafi da takardar fensir ɗin nan taka. Ka tabbata sunanka ya zo yadda yake a katin NIN. Idan katin ya ce Muhammad, kada a rubuta Mohammed. Idan Abubakar ne a tsakiya, kada a mayar da shi ƙarshe. Ka biya a wajen mai karɓar kuɗi na kotu ka karɓi rasit, saboda lambar rasit ɗin ce ake rubutawa a jikin takardar.

Daga nan sai 'yan sanda, a sauya bayanin CMR zuwa sunanka. Yanzu rajistar ta koma intanet, ana cikewa a shafin rundunar. A Yulin 2024 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da shirin tilasta wa mutane ita a kan hanya, amma ni shawarata ka yi. Ranar da aka sace mota, Allah ya kiyaye, sunan da ke cikin wannan rajistar shi za a fara nema. In gilashin motar mai duhu ne, izinin da tsohon mai ita ya samu da sunansa yake, sai ka nemi naka ko ka ɓare ledar.

Ofishin lasin

A yawancin jihohi, rajistar mota tana ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga, kamar KIRS a Kano. A Abuja kuwa DRTS ce, wadda kowa ke kira VIO. Ka je da sassafe, da motar kanta, da duk takardun asali da kwafi bibbiyu, da fasfo, da katin shaida. Wasu jihohin suna neman lambar biyan haraji.

Tun daga bakin ƙofa za a tare ka: "Alhaji, me za a yi? Kawo, yau-yau za ka karɓa." Wasu daga cikinsu suna aikin gaskiya, suna rage maka layi ne kawai. Wasu kuma za su kawo maka takardu masu sheƙi da lamba sabuwa fil da ba ta cikin kowace kwamfuta. Ka shiga ciki ka tambayi teburin canjin mallaka. A ba ka takardar ƙiyasin kuɗi, ka biya a banki ko ta hanyar da hukuma ta tanada, rasit ya fito da sunanka. Duk wanda ya ce ka tura asusunsa na kansa, ka san inda aka dosa.

Za a tambaye ka: lambar da ke jiki za ka riƙe, ko sabuwa kake so? Tsarin lambobin da aka fito da shi a 2011 an gina shi ne a kan cewa lamba tana bin mai mota, don haka wasu masu sayarwa sukan cire tasu. A aikace, wasu ofisoshin suna barin lambar a sauya sunan da ke bayanta, musamman in a jihar aka yi rajistar farko. Idan lambar ta wata jiha ce, misali ka sayi mai lambar Legas kana zaune a Katsina, bayanin motar yana can, kuma sau da yawa ya fi sauƙi ka yi sabuwar rajista a jiharka. Ni ina goyon bayan sabuwar lamba duk da ƙarin kuɗin. Ba ka san tarar da kyamara ta rubuta wa tsohuwar ba, ba ka san inda aka taɓa ganinta ba. Haruffa uku na farko ƙaramar hukuma suke nunawa, irin su DAL na Dala ko FGE na Fagge. Launin rubutu ma magana ne: shuɗi na gida, ja na haya, kore na gwamnati. Idan ka sayi Sharon ko Golf da ta yi haya kana son ta koma ta gida, ko akasin haka, a nan ake sauya rukunin, kuma ta haya tana da ƙarin izinin ɗaukar fasinja.

Sai duba lafiyar mota. Jami'in VIO zai leƙa casis da inji ya gwada da takarda, sannan birki, fitilu, sigina, hon, waifa, madubai, bel. Tsohuwar mota ka kai ta wajen mai waya kwana ɗaya kafin nan, ƙwan fitila ɗaya yana iya mayar da kai gida. Ka tanadi abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, jak da safaya. Tayoyi ma ka duba shekararsu: a gefen taya akwai alƙaluma huɗu a cikin ɗan zagaye, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Jami'an FRSC suna lissafa wa taya shekara huɗu daga ranar ƙira, ko da zanenta bai cinye ba.

In komai ya tafi daidai za ka fito da sabuwar shaidar mallaka, lasin mota, takardar lafiyar mota, da takardar bayar da lamba idan sabuwa ka karɓa. Kada ka bar harabar sai ka sake karanta suna, casis, inji da launi a kowace. Gyara a ranar minti goma ne, bayan wata uku kuwa sai an nemo fayil. Bayan 'yan kwanaki ka sake shigar da lambar a shafin NVIS ka ga ta fito da irin motarka. Lasin da takardar lafiya ana sabunta su duk shekara, kuma a Yulin 2023 an fito da biyan Naira 1,000 a shekara na sabunta shaidar mallaka.

Inshora

Inshorar tsohon mai mota yarjejeniya ce tsakaninsa da kamfani, ba ta bin mota zuwa hannunka. Ka yi taka. Mafi ƙanƙantar da doka ta wajabta ita ce wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000, abin da ake iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. 'Yan sanda sun fara tsananta binciken ta daga 1 ga Fabrairun 2025. Duk wanda ya ce zai yi maka a Naira 3,000 takarda kawai zai buga maka. Ka saya a hannun kamfani mai lasisi, ka duba NIID ka ga sunanka ya hau.

In kai ne mai sayarwa

Hatsarin ya fi yawa a kanka, ko da yake mutane ba sa ganewa. Muddin sunanka na cikin rajista, duk abin da aka aikata da motar ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Wani dattijo a unguwarmu ya kwana biyu yana amsa tambayoyi a kan motar da ya sayar shekara uku baya, ba shi da ko lambar wayar wanda ya saya, dillalin kuma ya rasu.

Don haka ka riƙe kwafin yarjejeniya, da kwafin katin mai saye, da hotonsa tsaye kusa da motar ranar miƙa makulli. Ka raka shi kotu da ƙafarka. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ofishin lasin cewa ka sayar da mota mai lamba kaza ga wane a rana kaza, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka sanar da kamfanin inshorarka. Ka cire sitikar wajen aikinka ko ta ƙungiya daga gilashi. Idan mai saye ya nuna ba shi da niyyar canza suna, ka kwance lambarka kafin ya ja motar.

Kai kuma sabon mai mota, takardun kwastam da yarjejeniya da shaidar mallaka na asali su zauna a gida cikin leda, inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Ka ɗauki hoton kowace ka tura wa kanka a imel. A mota ka ajiye kwafinsu tare da lasin, inshora da takardar lafiya na bana. Tsofaffin yarjejeniyoyin mutanen da suka riga ka ma kada ka zubar, ka haɗa su da taka ka maƙale da fil, don wanda zai saya a hannunka zai tambaye su.